Kuna Tambaya, Muna Amsawa: Shirin Tafiyar Kallon Namun Daji ta Kwanaki

Wasiƙun wannan mako sun taru a kan tafiya kallon namun daji a manyan gandayen Afirka, irin wadda ake yin kwanaki ana yawo da mota da ɗan jagora. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

Kwana 8 nake da shi. Ina so in ga Masai Mara, Serengeti, Ngorongoro, Amboseli da Kruger. Zai yiwu?

Alhaji, zai yiwu a takarda, amma abin da za ka fi gani shi ne titi da filin jirgi. Fara cire Kruger. A Afirka ta Kudu yake, jirgi daga Nairobi zuwa Johannesburg kusan awa 4 ne, sannan ga kimanin awa 5 a mota kafin ka isa ƙofar gandun. Wannan tafiya ce mai zaman kanta.

Sauran huɗun ma suna ƙasa biyu ne. Masai Mara da Amboseli a Kenya, Serengeti da Ngorongoro a Tanzaniya. Mara da Serengeti daji ɗaya ne da iyaka ta raba, dabbobi suna ƙetarawa yadda suka ga dama, amma ɗan yawon buɗe ido ba ya bi ta nan. Sai ka fita ka zagaya ta kan iyakar Isebania, a duba fasfo, a sauya mota da direba, wuni guda ya tafi. Daga Nairobi zuwa Mara awa 5 zuwa 6 ne a mota, daga garin Arusha na Tanzaniya zuwa tsakiyar Serengeti kuwa awa 7 zuwa 8, kuma rabin hanyar burji ce mai ƙura da jijjiga.

Dabbobi da sassafe suke walwala, daga ƙarfe 6 zuwa wajen 10, sai kuma da la'asar zuwa faɗuwar rana. Da tsakar rana zaki yana kwance a gindin bishiya, ba abin da za ka gani sai kunnensa. To duk ranar da ka tashi daga wani gandu zuwa wani, ka rasa safiya ko yamma, wani lokaci duka biyun. Wanda ya kwana biyu a wuri cikakken wuni ɗaya kawai ya samu. Shi ya sa muke cewa babban gandu kamar Serengeti ko Mara kada ya gaza kwana 3.

Ka zaɓi ƙasa ɗaya. In Tanzaniya ce: kwana 1 a Arusha, 2 a Tarangire inda giwaye da kukoki suke, 1 a gefen Ngorongoro, 3 a Serengeti, sannan ka dawo da ƙaramin jirgi maimakon sake bin hanyar. In Kenya ce: 1 a Nairobi, 2 a Amboseli, 4 a Mara. Mu dai mun fi karkata ga tsarin Tanzaniya ga mai zuwa karon farko, saboda kwarin Ngorongoro na daga cikin wuraren da aka fi samun damar ganin karkanda.

Na ga bidiyon garken dabbobi suna faɗa wa kogi, kadoji suna kama su. Wane wata zan je in ga haka?

Malam, abin da ka gani ƙaurar nyumbu ce, dabbobin nan masu gemu da ƙaho da suka haura miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa da barewa. Ruwan sama suke bi, suna zagaye tsakanin Serengeti da Mara duk shekara. Ƙetare kogin Mara yana faruwa ne daga Yuli zuwa Oktoba. Daga Janairu zuwa Maris suna kudu, a yankin Ndutu, inda suke haihuwa, kuma watan Fabrairu ne ganiyar abin. A lokacin ne zakuna da kuraye ke kewaye da su, kuma ga mai son ganin farauta wannan lokaci bai gaza na kogin ba.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne samun watan daidai a kwana a wurin da ba daidai ba. Serengeti ya kai murabba'in kilomita kusan 14,750. In ka je a watan Agusta aka sauke ka a Seronera, wato tsakiya, tsakaninka da kogin Mara tafiyar awoyi ce, kafin ka isa rana ta take. A wannan wata masaukinka ya kamata ya kasance a arewa, wajen Kogatende ko Lamai. Ka tambayi kamfanin sunan masaukin, ka duba shi a taswira da kanka.

Kuma ka sani ba wanda zai iya yi maka alkawarin ganin ƙetarewar. Garke na iya taruwa a bakin gaɓa, na gaba ya leƙa ruwa ya ja da baya, a yi awa uku a haka, motoci sun kashe inji kowa ya yi tsit, sai kawai su juya su koma cikin ciyawa. Wanda ya ware kwana 3 ko 4 a kusa da kogin shi ya fi samun rabo. Masaukan wannan yanki ba su da ɗakuna da yawa, ana kama su tun watanni 9 zuwa shekara kafin lokaci.

Afrilu da Mayu damina ce mai ƙarfi a Gabashin Afirka. Farashi yana sauka, daji ya yi kore shar, amma baƙar ƙasar wurin tana riƙe taya, wasu masaukan tanti ma rufewa suke yi. A kudancin nahiyar, wato Kruger, Chobe na Botswana da South Luangwa na Zambiya, rani daga Mayu zuwa Oktoba shi ne lokacin da dabbobi ke taruwa a bakin ruwa.

Kamfani biyu sun aiko mini da farashi na kwanaki iri ɗaya, ɗaya ya kusa ninka ɗayan. Me zai hana in ɗauki mai araha?

Hajiya, araha ba ta ado, amma ba kowace tsada ce ke da dalili ba. Ki sa takardun biyu gefe da gefe, ki fara da kuɗin shiga gandu, domin shi ne ba ya ragi. Tun 2024 baƙo babba yana biyan dala 200 a rana a Masai Mara daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 daga Janairu zuwa Yuni, kuma tikitin na awa 12 ne. A Serengeti kuɗin ya haura dala 80 idan aka haɗa da haraji a lokacin cunkoso, na awa 24, ga wani kuɗin daban da ake biya kowane dare ga mai kwana a cikin gandun. Saukar mota guda cikin kwarin Ngorongoro kusan dala 300 ce, ban da kuɗin kowane mutum. Hanyar mota daga Arusha zuwa Serengeti ta cikin yankin Ngorongoro take bi, don haka ana biya a tafiya, a kuma biya a dawowa. Idan kika haɗa waɗannan kika ga sun kusa cinye farashin da aka ba ki, to ko dai ba a sa su ciki ba, ko an rage kwanakin da za ki yi a cikin gandun.

Tikitin awa 24 yana da tarko: wanda ya shiga ƙarfe 2 na rana dole ya fita kafin 2 na washegari, in ya makara ya biya sabon wuni. Kamfanin da ya san aikinsa da wannan agogo yake tsara tafiya.

Daga nan ki duba masauki, a ciki yake ko a waje. Na wajen ƙofa ya fi sauƙi, amma in tsakaninsa da ƙofar awa guda ce, ga layin motoci, kin rasa mafi kyawun safiya kullum. Sai mota. Ƙaramar bas mai buɗaɗɗen rufi ta fi araha, Land Cruiser ta fi tsayi da jure laka. Ki tambaya mutum nawa za a ɗauka, a rubuta miki cewa kowa yana da kujerar taga. Mutum 6 shi ne daidai. Ki tambaya ko an ƙayyade wa direba kilomita ko man da zai ƙona a rana, domin a nan wasu ke rage kuɗi, direba ya yi ta kewaya kusa da ƙofa.

Ɗan jagora kuwa ya fi gado mai laushi muhimmanci. Shi ne zai ga ungulu na shawagi ya san akwai gawa, ya ga barewa duk sun kafa ido gefe guda ya san damisa na cikin ciyawar. A Kenya ƙungiyar 'yan jagora ta KPSGA tana ba su daraja ta tagulla, azurfa da zinariya bayan jarrabawa. Ki tambayi darajar wanda za a ba ki. In kuɗi bai isa komai ba, ki rage tsadar masauki ki bar mota da jagora yadda suke.

Kafin ki tura ko sisi, ki tabbatar kamfanin yana da lasisi, ki duba sunansa a jerin mambobin ƙungiyar kamfanonin yawon buɗe ido, wato KATO in na Kenya ne, ko TATO in na Tanzaniya ne. An saba ba da kafin alƙalami na kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, a cika sauran wata ɗaya ko biyu kafin tafiya. Asusun kamfani ake biya, ba na wani mutum ba, kuma ki karanta sharaɗin fasa tafiya. Tikitin jirgi daga gida, biza, inshora, hawan balan-balan da ihsanin direba galibi ba sa cikin farashi. Ihsanin da aka saba dala 10 zuwa 20 ne daga kowane mutum a rana.

Da mahaifiyata da yara biyu za mu je. Yaya batun abinci da salla?

Allah ya saka da alheri, ɗan'uwa. Ku ɗauki motar kanku kada ku shiga ta haɗaka, domin yaro zai gaji, Hajiya za ta so komawa hutu, baƙin da aka haɗa ku da su kuma ba za su yarda a juya ba. Tunda kun kai mutum huɗu ko biyar, bambancin kuɗin ba shi da yawa. Don bayan Hajiya, ku bi ƙaramin jirgi a dogayen zango, kuma ta zauna a kujerun gaba inda jijjiga ta fi sauƙi. Masaukan tanti da yawa ba su da shinge, dorina da ɓauna kan ratsa tsakanin tantuna da dare, shi ya sa ma'aikaci ke raka kowa da tocila, wasu kuma ba sa karɓar ƙananan yara. Ka faɗi shekarun yaran tun farko.

Abinci na halal ana samu, amma a rubuta shi cikin takardar yarjejeniya, har da abincin rana da ake ƙunsawa a kwali, domin nan ne aka fi mantawa. Fita daga mota haramun ne a dokar gandu sai a wuraren da aka keɓe na cin abinci, waɗanda galibi suna da banɗaki. Ka gaya wa direba tun da safe ya tsara isa irin wannan wuri a lokacin azahar, ku tafi da ruwan alwala da dadduma a mota.

Me zan saya kafin tafiya?

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42, kowa da nasa in da hali. Ya fi sabuwar waya amfani a daji. Mai son hoto ya nemi gilashin kyamara da ya kai milimita 300, da batir na biyu. Jaka mai laushi, domin ƙananan jiragen Gabashin Afirka kilo 15 kawai suke ɗauka har da jakar hannu, kuma akwati mai tauri ba ya shiga ma'ajiyarsu. Tufafi masu launin ƙasa ko kore. Baƙi da shuɗi mai duhu suna jawo ƙudan tsando, wanda ya yi yawa a Tarangire. Kayan da suka yi kama da kakin soja a bar su a gida, wasu ƙasashen sun hana farar hula sa su. Rigar sanyi mai kauri dole ce: bakin kwarin Ngorongoro ya haura mita 2,000 a tudu, da asuba sanyinsa har ƙashi. Kenya ta haramta jakar leda tun 2017, Tanzaniya tun 2019. Jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto ba ya tashi a gandu sai da izini na musamman.

Zan iya haɗawa da ganin goggon biri?

Za ki iya, amma ki ƙara aƙalla kwana 3. Ga baƙon da ba ɗan Afirka ba, izinin ganinsu dala 800 ne a gandun Bwindi na Uganda, dala 1,500 a gandun Volcanoes na Ruwanda. Mutum 8 kawai ake kai wa kowane garke a rana, awa ɗaya ake yi da su, kuma ba a ɗaukar wanda bai kai shekara 15 ba. Tafiyar ƙafa ce a kan tsauni mai santsi. Izinin ake fara saya, sannan a tsara sauran kwanaki a kansa.

Waɗanne takardu zan tanada?

Fasfo mai sauran aƙalla wata 6 da shafuka marasa hatimi. Katin rigakafin shawara, wanda ake nema daga duk mai fitowa daga ƙasar da cutar take. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Bizar bai-ɗaya ta Gabashin Afirka, dala 100, ta Kenya, Uganda da Ruwanda ce, babu Tanzaniya a ciki. Masu fasfon Najeriya da Nijar na cikin waɗanda Tanzaniya ba ta ba wa biza a filin jirgi, sai sun nema tun daga gida an tantance su, don haka a fara nema wata biyu kafin tafiya, kuma kada a biya cikon kuɗin kamfani sai ta fito. A ga likita kan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Inshorar kuma a tabbatar ta haɗa da ɗauko marar lafiya da jirgi daga daji, irin aikin da AMREF Flying Doctors ke yi daga Nairobi, domin asibiti mai kayan aiki na iya kasancewa tafiyar wuni guda a mota. Dalolin da za a riƙe su zama sababbi marasa yagewa, waɗanda aka buga kafin 2009 wurare da yawa ba sa karɓa.