Kada ki bari a yi wa kwamfutar nan wanka tukuna

Assalamu alaikum ƙanwata. Ina gajiya, ya zafin Garwa, ya Inna da jiki? Saƙonki ya iso ni ina wurin aiki a nan Faransa, shi ya sa na bari sai dare. Kin ce an ɗauke wuta kina cikin aiki, kwamfutar ta mutu nan take don batirinta ya daɗe da gajiya, da kika kunna sai kika tarar duk alamomin shafukan da kika tara a Chrome, wato adiresoshin da kika ajiye a Favoris, sun ɓace: na makarantu, na tallafin karatu, har da shafin da kika fara cika dosiyenki na neman karatu a waje. Kin ce mai gyara a kasuwa ya ce sai an goge komai an sake zuba Windows, wani kuma ya ce ki kawo kuɗi ya yi miki dosiyen gaba ɗaya ki huta.

Dukansu biyu ki ce musu sai kin yi shawara da yayanki. Goge kwamfutar shi ne abin da zai tabbatar da asarar, don akwai yiwuwar alamomin suna nan kwance a cikinta.

Abu na farko, kuma shi ya fi komai gaggawa: ki daina buɗe Chrome kina rufewa don ki ga ko sun dawo. Chrome yana ajiye alamomi a fayil ɗaya mai suna Bookmarks, kuma yana da kwafi ɗaya tak na ko-ta-kwana, Bookmarks.bak. Wannan kwafin yana sabunta shi ne idan an buɗe burauzar. Idan babban fayil ɗin ya lalace ya zama wofi, sake buɗewa na iya sa wofin ya hau kan kwafin mai kyau. Kin ce jiya abin ya faru, to ina fata ba ki yi ta kunnawa ba. In ma kin yi, ki ci gaba da karantawa, akwai sauran hanyoyi.

Kafin ki taɓa kwamfutar, ɗauki wayarki, ki kashe data da wifi, sannan ki buɗe Chrome na wayar ki duba Favoris. Idan kin taɓa shiga da adireshinki na Gmail a na'urorin biyu, alamomin kwamfutar sukan bayyana a wayar, cikin wata folda daban da ta wayar. Dalilin kashe data shi ne haɗin asusun Google ba ya tantance gyara da ɓarna. Abin da aka goge a wuri ɗaya yakan goge shi ko'ina da zarar an samu intanet. Idan kin gan su, ki ɗauki hoton allo, ko ki kwafi adiresoshin masu muhimmanci ki tura wa kanki a WhatsApp daga baya.

Yanzu kwamfutar. Ki cire ta daga intanet ita ma. Danna maɓallin Windows tare da R, ƙaramin akwati zai fito, ki rubuta wannan daidai:

%LOCALAPPDATA%\Google\Chrome\User Data

Idan allon maɓallanki na Faransanci ne, irin wanda ya fara da AZERTY, alamar % tana kan Maj (wato Shift) da ù, sandar nan mai karkata baya kuma AltGr da 8 ce. Na san nan ne mutane suke maƙalewa. Za ki ga folda mai suna Default, wataƙila kuma da Profile 1 ko Profile 2. Ki leƙa kowace. Sau da yawa alamomin ba su lalace ba sam, Chrome ne ya buɗe da furofayil ɗin wani, musamman a gida irin namu da kowa ke aron kwamfuta ɗaya. Idan autanmu ya taɓa shiga da nasa asusun don kallon ƙwallo, to ki fara zarginsa kafin ki zargi wuta.

A cikin foldar ki nemo Bookmarks da Bookmarks.bak. Idan ba ki ga ƙarshen sunan ba, ki shiga Affichage ki kunna Extensions de noms de fichiers. Kafin komai ki kwafe su biyun zuwa filashi. Sannan ki dubi girman kowanne da ranar da aka rubuta shi. Wanda ya fi nauyi, mai tsohuwar rana, shi muke nema. Kina iya buɗe shi da Bloc-notes. Za ki ga rubutu birjik da baka-baka da waƙafi, kada ya tsorata ki, ki duba kawai ko sunayen makarantunki da adiresoshinsu suna ciki. In suna ciki, magana ta ƙare, ko da Chrome ya ƙi karɓa kina iya kwashe su ɗaya-ɗaya da hannu.

Don mayar da su, ki tabbatar Chrome a rufe yake ruf. Danna Ctrl, Maj da Échap tare, ki kashe duk wani Chrome da ya rage yana aiki a ɓoye. Ki canza wa Bookmarks suna zuwa Bookmarks.old, ki cire .bak daga sunan ɗayan ya koma Bookmarks kawai. Windows zai yi miki gargaɗi, ki amsa da Oui. Sai ki buɗe Chrome, ki danna Ctrl, Maj da O, wurin sarrafa alamomi zai buɗe. Idan suna nan amma layin sama bai nuna su ba, Ctrl, Maj da B ne ke ɓoye layin da fito da shi. Kafin ki mayar da intanet, ki danna ɗigo ukun da ke saman wannan shafin, ki zaɓi Exporter les favoris, ki ajiye fayil ɗin a filashi.

To idan duka biyun wofi ne fa? Ctrl da H zai nuna miki tarihin shafukan da kika shiga. Chrome yana riƙe na kwana 90. Ki rubuta campus ko bourse ko master a wurin bincike, za ki tsinci mafi yawansu. Aikin yamma ɗaya ne da kofin shayi.

Kin kuma ce yanzu ko kin danna tauraron ajiye alama ba ya kamawa. Ki duba ko faifan C ya cika, don idan babu wuri ba a iya rubuta fayil ɗin. In da wuri, ki buɗe sabon furofayil ki gwada a can. Ya yi aiki, to tsohon ne ya lalace, sai ki shigo da fayil ɗin da kika fitar ta Importer les favoris. Ki kuma kashe duk wasu ƙananan manhajojin da aka liƙa wa burauzar waɗanda ba ki san wanda ya sa su ba. Kwamfutocin da ake saya na hannu sukan zo da tarkace.

A wannan fanni ni Firefox, wata burauzar daban, na fi yarda da shi, kuma da shi nake aiki. Yana ajiye kwafin alamomi da kansa, har guda 15, a folda mai suna bookmarkbackups, kowanne da ranarsa. In abu ya lalace sai ki shiga Importation et sauvegarde, ki zaɓi Restaurer, ki ɗauki ranar da kike so. Ki sani dai mayarwar tana share waɗanda suke kai a lokacin. Ga mai zaune inda wuta ke zuwa tana tafiya, kwafi 15 da kwafi ɗaya ba ɗaya ba ne.

Shagon intanet kuwa kada ki ajiye alama a can. Da yawansu suna sa manhaja irin Deep Freeze, wadda ke mayar da kwamfuta yadda take duk lokacin da aka kashe aka kunna. Inda ba su sa ba kuma ya fi muni, don wanda ya zauna bayanki zai ga komai. In dole ta sa ki buga takarda a can, ki shiga Gmail ta tagar sirri, wato navigation privée, ki fita kafin ki tashi, kuma in burauzar ta nemi ta riƙe kalmar sirri ki ƙi.

Abin da ya fi damuna a saƙonki ba alamomin ba ne, wannan mutumin ne mai cewa ki kawo kuɗi. Wanda ya rasa adireshin gaskiya yakan koma bincike a Google cikin gaggawa, kuma shafukan damfara suna jiran irin wannan, da tambari da tuta da komai. Ki riƙe waɗannan a takarda, da biro. Na Campus France, hukumar da ke kula da masu neman karatu a Faransa, a ƙasarmu cameroun.campusfrance.org ne, shafin cika dosiye na Études en France kuma yana ƙarƙashin diplomatie.gouv.fr. Na tallafin gwamnatin Turkiyya turkiyeburslari.gov.tr ne, yakan buɗe daga Janairu zuwa Fabrairu, kuma ba a biyan ko sefa ɗaya don nema. Ki riƙa karanta adireshin harafi-harafi kafin ki sa lambar fasfo. Dosiyen da kika fara kuma bai je ko'ina ba, yana can a ma'ajiyarsu, ba a kwamfutarki yake ba. Da imel ɗinki da kalmar sirrinki za ki same shi inda kika tsaya. Kada ki ba kowa su, ko da ɗan unguwa ne. Ranar hirar tantancewa ke za a tambaya me ya sa kika zaɓi wannan karatun, kuma masu hirar suna gane wasiƙar da wani ya rubuta wa mutum.

Alamar shafi kwatancen gida ce kawai, kuma jami'o'i suna yawan sauya shafukansu daga shekara zuwa shekara. Don haka duk shafin da ke ɗauke da sharuɗɗa ko ranar rufewa, ki danna Ctrl da P ki ajiye shi a matsayin PDF. Haka ki yi da takardun sakamakonki na Ngaundare, da takardar haihuwa, da fasfo: kwafi a filashi, kwafi a imel. Ranakun rufewa kuma ki rubuta su a bangon littafinki, ki gaya wa Inna, ita ba ta mantuwa da rana.

Batirin nan zan turo a canza shi ƙarshen wata in Allah ya yarda, ki tambayo farashi a shago biyu ko uku. Gobe da safe ki ɗauko min hoton foldar Default, yadda girman fayilolin biyu da ranakunsu za su fito, kafin ki canza wa komai suna. Ki gaishe da Inna da Kawu da su auta.

Yayanki