Abin da ɗan kasuwa zai iya ɗauka daga yadda Indiyawa ke riƙon ma'aikata

Wani ɗan kasuwa da ke zuwa sarin yadi birnin Surat na ƙasar Indiya ya rubuto mini cewa abokin cinikinsa na can ya shaida masa da koyarwar magabatansu yake tafiyar da ma'aikatansa, shi kuwa yaransa shida ne a shago, kuma da wuya yaro ya cika shekara biyu bai tafi ba. Yana tambaya ko akwai abin da zai ɗauka.

Alhaji, akwai, sai dai ka sani tushen yawancin wannan ilimi addinin Hindu ne, don haka dabarar aiki za ka ɗauka, aƙidar kuwa ka bar musu. Abin da na fi ganin zai yi maka amfani shi ne ra'ayin wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Jai Sinha, wanda a 1980 ya bayyana cewa ma'aikacin Indiya ya fi ba da himma idan shugaba ya riƙe shi kamar yadda babban wa ke riƙe ƙane, ya san damuwarsa, ya koya masa sana'a, amma da sharaɗin kulawar ta bi gwargwadon ƙoƙarinsa. Sharaɗin nan ne iyayen gida da yawa suke mantawa: yaron da ke buɗe shago da sassafe da wanda sai hantsi yake zuwa, ranar sallah ɗinki iri ɗaya ake yi musu, sai mai ƙoƙarin ya ga ba riba ya yi sanyi.

Falsafarsu ta Samkhya kuma tana cewa kowane mutum yana ɗauke da halaye uku: natsuwa, zafin nama da kasala, ɗaya ne kawai ke rinjaye. Mai zafin nama ka tsayar da shi bakin shago wurin jawo mai saye, mai natsuwa ka danƙa masa littafin bashi.

Akwai wata koyarwa da nake jan kunnenka a kai. A littafin Bhagavad Gita na addinin Hindu an ce mutum ya yi aiki ba tare da ƙwallafa rai ga sakamako ba, kuma wasu masu kamfani na fakewa da wannan su danne albashi. Kamfanin ƙarfe na Tata da ake yabo ba da wa'azi ya riƙe ma'aikata ba. Tun 1912 ya taƙaita aiki zuwa awa takwas a rana, a 1915 ya fara ba su magani kyauta.

Saboda haka kafin ka sake tafiya Surat, ka zauna da kowane yaro shi kaɗai, ku yanke shekarun da zai yi da jarin da za ka sallame shi da shi, a rubuta a gaban shaidu biyu.