Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan yi wa gida kwalliya kafin a sa shi kasuwa

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa, don amsarta ba ta layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ta yi za su sayar da gidansu mai ɗaki uku da suka shekara 11 a ciki, kuma har yanzu ba su tashi ba. Dillalinsu ya ba su shawarar su ɗauko masu shirya gida, irin waɗanda ke kwashe kayanka su jera nasu na haya, a ɗauki hotuna, sannan a fara kawo masu saye. Maigidanta ya ce ɓarnar kuɗi ce kawai, ita kuma tana son ta san ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Shekarata 14 ina dillancin gidaje, kuma na taɓa sayar da nawa na kaina, wanda shi ya fi koya mini hankali. Ke da maigidan kowa da gaskiyarsa. Kwalliya ba ta ƙara wa gida daraja. Unguwar da yake, girman fili, yawan ɗakuna da ƙarfin gini su ke yanke kuɗinsa. Aikin kwalliya shi ne ta rufe bakin mai neman ragi, ta kuma rage kwanakin da gida zai yi yana jiran mai saye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gidan da ya daɗe a kasuwa, mutane kan fara tambayar me ke damunsa, daga nan sai tayin wulaƙanci ya biyo baya.

Bari in ba ki labarin nawa. Lokacin da na sa shi kasuwa, gani nake babu gidan da ya kai shi tsafta, ga shi ni ce mai ba wasu shawara. Mako bakwai ana shigowa ana fita, kowa sai ya ce zai kira, shiru. Ran nan na roƙi wata abokiyar aikina ta zo ta duba mini, na ce kada ta ji kunyata. Tana shigowa ta tsaya a bakin ƙofa, ta ja numfashi, ta dube ni ta ce, “Yaya, yaushe rabon da a ɗaga kafet ɗin nan?” Wallahi ni ban ji warin komai ba. Ashe hanci yana sabawa da warin wurin da yake zaune har ya daina jinsa, baƙo kuwa shi ne abu na farko da zai tare shi. Ta shiga falo ta nuna mini kabad ɗin da ya rufe rabin taga, wanda na shekara da shekaru ina wucewa ta gabansa ban ƙara ganinsa ba. Ta ƙirga kujeru, mazaunin mutum 13 a falon da takwas ma sun yi masa yawa. Sannan ta tuna mini wani abin da na lura da shi ban fahimta ba: duk wanda ya zo, bango yake bi da kallo yana tambaya, “Wannan ɗanki ne? Ya gama makaranta?” Hotunan iyalina suke kallo, su fita ba su san ko tagogi nawa ne a falon ba.

Na ji zafin maganarta, ba zan ɓoye miki ba. Amma cikin kwana goma na cika kwali kusan 40 na kai ajiya, na fitar da saitin kujeru guda, na cire kafet aka wanke ƙasa, aka yi fenti mai haske a falo da barandar ciki. Kwana tara da sake hotuna aka yi tayin da na sallama. Sai dai kada in yi miki rabin zance: a daidai lokacin na kuma rage kuɗin da na sa tun farko, domin na sa shi sama da kima. Don haka ba zan iya rantsuwa cewa kwalliya kaɗai ta sayar da shi ba.

Wannan tsadar da mai abu ke yi wa abinsa ma an yi bincike a kanta. A 1990 Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler sun raba wa wasu ɗalibai kofunan shayi, wasu kuma ba a ba su ba, aka ce su yi ciniki. Waɗanda aka ba sai suka nemi kusan ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya, alhali kofin bai yi ko yini a hannunsu ba. To ina ga gidan da kika yi renon 'ya'yanki a ciki? Ke kina ganin tarihi, mai saye yana ganin bango da rufi. Babban amfanin mai shirya gida, a ganina, shi ne idon baƙo da yake zuwa da shi.

Ita sana'ar ba ta wani tsufa ba. Wata dillaliya a Amurka mai suna Barb Schwarz ce aka sani da fara ta a 1972, a yankin Siyatil, kuma daga shirya dandalin wasan kwaikwayo ta aro sunan da ake kiranta da shi a Turance, wato “staging”. Dillalai na son kawo alƙaluman ƙungiyar dillalan gidaje ta Amurka, NAR, wadda a rahotonta na 2023 ta ce kashi 81 cikin 100 na dillalan da ke wakiltar masu saye sun ce shirya gida yana sauƙaƙa wa mai saye ya hango kansa zaune a ciki. Na yarda da hakan, na gani da idona. Amma ki lura, ra'ayin dillalai aka tambaya, mu kuwa la'adarmu tana jiran a sayar ne. Akwai wani binciken da Farfesa Michael Seiler da abokan aikinsa suka wallafa a 2015, inda suka zagaya da mutum sama da 800 cikin gida ɗaya ta kwamfuta, wasu suka gan shi da kaya masu kyau, wasu da munana, wasu babu kaya, an kuma sauya launin bango. Kyan kaya ya sa gidan ya fi burge mutane, amma kuɗin da suka ce za su biya bai wani motsa ba. Ki nuna wa maigidan wannan, zai ji daɗi. Sai dai kallon gida a kwamfuta daban, tsayuwa a cikinsa kana shaƙar iskarsa daban.

Idan kuɗin hannunku ƙayyadadde ne, kayan haya su ne na ƙarshe a layi. Ku fara da ƙananan gyare-gyaren da kuka saba da su har kuka manta: famfon da ke ɗiga, ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa, makunnin wutar da ya fashe, tayil ɗin da ya tsage a banɗaki, tabon ruwa a silin. A nan ne ake asarar da ba a gani. Mai saye ba ya lissafin gyara yadda mai gyara ke yi. In ya ga famfo ɗaya yana ɗiga, a ransa duk bututun gidan sun ruɓe, sai ya zabge daga tayinsa abin da ya ninka kuɗin gyaran sau da yawa. Kuma da ya kama aibi ɗaya, ya daina kallon gida ya koma farautar aibi. Na sha ganin mutum ya shigo da fara'a, marfin kabad ɗin kicin ya faɗo a hannunsa, daga nan har ya fita yana ƙwanƙwasa bango.

Bayan gyara sai wanki na gaske, har saman ƙofofi, bayan firji, gilashin taga ciki da waje, da layukan da ke tsakanin tayil. Kada ki fesa turare mai ƙarfi dab da zuwan baƙi. Mai wayo zai ce me ake ɓoyewa? Ki nemo inda warin yake fitowa ki kawar da shi, ki buɗe tagogi.

Sai rage kaya, wanda shi ne ya fi wuya don ba kuɗi yake ci ba, zuciya yake ci. Tunda tashi za ku yi, ki ɗauka kin fara haɗa kaya ne da wuri. Hotunan iyali, takardun shaida da ke rataye, kayan wasan yara, tulin takalma a bakin ƙofa, duk su shiga kwali. Takardu masu muhimmanci, magunguna da kayan ƙarau kuwa ki kulle su, don ba kowane mai zuwa kallo ne mai saye ba. Kuma kada ki yi dabarar da kowa ke yi ta cusa tarkace a wadrob. Masu saye suna buɗewa, musamman mata, kuma in suka ga ya cika maƙil har kaya na zubowa, abin da zai zauna a ransu shi ne gidan ba shi da wurin ajiya. Ki bar kusan kashi ɗaya cikin uku na kowane kabad babu komai. A kicin, kan kanta ya zama fili, abu biyu ko uku sun isa. Kowane ɗaki kuma ya nuna aikinsa guda ɗaya. Ɗakin da ya zama sito da wurin guga da ofis a lokaci guda, mai saye ba zai ƙirga shi a ɗaki na uku ba, ko da takarda ta ce uku ne.

Haske ma kada ki raina shi. Ki janye labule masu kauri, ki canza duk ƙwan da ya mutu, kuma ƙwayayen ɗaki ɗaya su zama launi ɗaya. A jikin kwalinsu za ki ga lamba: 2700K zuwa 3000K shi ne mai ɗan ruwan ɗorawa da ke dacewa da falo da ɗakin barci, 5000K zuwa sama kuma fari ne fat. In aka gauraya su, a hoto sai bango ya fito dabbare-dabbare. Yau kuwa yawancin masu saye a waya suke fara ganin gida, in hoton farko bai tsayar da yatsansu ba, ba za su taɓa taka ƙofarki ba.

Inda kayan haya ke da amfani sosai shi ne gidan da aka riga aka tashi. Abin mamaki, ɗakin da babu komai ya fi kama da ƙarami. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma sai da abin da zai gwada da shi. Na taɓa tsayuwa da wani mutum da matarsa a wani ɗaki suna musu, ita ta dage gadonsu ba zai shiga ba. Na ciro tef na auna, ɗakin ya haura mita huɗu kowane ɓangare, gadon kuwa bai wuce mita biyu ba. Duk da haka ba ta gamsu ba, don ta riga ta gan shi ƙarami. Da akwai gado a ciki da durowa biyu a gefe, da musun bai taso ba. Ko a irin wannan gidan, falo da babban ɗakin barci da wurin cin abinci sun wadatar. In za a sa hannu a yarjejeniya, a duba wata nawa ne mafi ƙaranci, nawa ne in an zarce, da wanda zai biya in kaya suka lalace. Akwai kuma masu jera kaya a hoto kawai da kwamfuta, ya fi arha nesa ba kusa ba, amma a rubuta a jikin hoton cewa haɗi ne, kada mutum ya zo ya tarar da wayam ya ji an yaudare shi.

Abu ɗaya da zan ja miki kunne a kai: kwalliya daban, ɓoye aibi daban. Na taɓa samun wani mai gida da ya jingina wadrob a bangon da danshi ya ci, bai gaya mini ba. An kusa gama ciniki, mai sayen ya dawo da injiniyansa, suka ja wadrob ɗin, sai ga fumfuna baƙi ƙirin har kusan gwiwa. Mutumin bai ce uffan ba, ya juya ya fita. Ba gyaran ne ya kore shi ba, don bai taka kara ya karya ba, tunanin me kuma aka ɓoye ne. Ni ma na sha kunya a banza. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ko dai ya gyara ko ya faɗa a rage a kuɗi. A ƙasashe da dama ma doka ta ba mai saye damar kai ƙara in an ɓoye masa aibin da aka sani.

Akwai inda ba na ba da shawarar a kashe ko sisi a kwalliya: in mai sayen rushewa zai yi ya sake gini, ko gidan yana buƙatar babban gyara irin na rufi da wayoyin wuta, ko kuma wurin da ake rububin gidaje. Haka in kuɗin da kuka sa ya wuce na makwabtansa da aka sayar kwanan nan, ko da kujerun zinare aka jera ba zai tafi ba.

Ku da kuke zaune a ciki da yara, ban ga dalilin kwashe kayanku a kawo na haya ba, wahala ce da fargabar kada yaro ya zuba abu a kujerar mutane. Ki tambayi mai shirya gidan ko yana zuwan ba da shawara kawai, ya zagaya na awa ɗaya ko biyu ya rubuta muku abin yi, ku yi da kanku da kayanku. Da yawansu suna yi. Ki kuma tambayi dillalin kai tsaye ko yana da kaso a wurinsu, da ko zai ɗauki wani ɓangare na kuɗin daga la'adarsa tunda shi ya kawo shawarar. Ranar da za a zo kallo, ki tanadi babban kwando guda da za ki watsa duk abin da ya watsu a ciki ki sa a mota, ku fita ku bar dillali da baƙinsa, don mutane ba sa sakewa su buɗe kabad ko su faɗi ra'ayinsu mai gida na tsaye a kansu.

Kafin ku biya kowa, gobe da hantsi ki tsaya a bakin ƙofar kowane ɗaki ki ɗauki hoto da wayarki, ki zauna ki kalla. Hoto yana nuna abin da ido ya saba tsallakewa. In kin ga dama ki turo mana na falo da na kicin a nan, amma ki sauke hotunan yara daga bango tukuna, zan gaya miki abin da zan fara fitarwa.