Amsa daga Kum: yadda mata suke zama a Iran

Hajiya, kin tambaya ko juyin juya halin 1979 ya kulle matan Iran a gida, da yadda matanmu Hausawa suke zama a nan birnin Kum na Iran. Kulle irin wanda aka sani a ƙasar Hausa babu shi. Mace na bin layin burodi da sassafe, ta yi cefane, ta hau bas ta zauna a ɓangaren mata.

Maganar lulluɓi tana da tsohon miki. A 1936 Reza Shah, sarkin Iran na lokacin, ya hana shi da ƙarfin 'yan sanda, har wasu mata suka daina fita ƙofar gida. Shi ya sa a zanga-zangar 1978 da yawa suka yafa baƙin cadur, babban mayafin da ke rufe jiki daga kai har ƙafa, don nuna wa ɗansa Shah Muhammad Reza ƙiyayya, har da waɗanda ba su saba ba. Da aka yi nasara sai maganar tilas ta taso. Ran 8 ga Maris 1979 dubban mata suka fito a Tehran suna ƙin yarda, amma a 1983 lulluɓi ya zama doka. Aka jingine dokar iyali ta 1967 wadda ta taƙaita saki da ƙarin aure, aka cire mata daga kujerar alƙalanci. Wannan asara ce, kuma har yau tana yi wa da yawa ciwo. Sai dai iyayen da suka ƙi tura 'ya'yansu mata makarantar zamanin Shah sun saki jiki da aka raba maza da mata, karatun mata ya yi sama sosai. Lokacin yaƙin Iraƙi kuwa, 1980 zuwa 1988, su ne suka riƙe gidaje, suna bin layi da takardar rabo don sukari da mai.

Ga wadda za ta zo: zani da gyale ba sa isa. Dogon hijabinmu yana wadatarwa a titi, amma mai duhun launi, don ja ko ruwan ɗorawa yana jan ido a Kum. Hubbaren Sayyida Ma'asuma sai da cadur, ana ba da aro a ƙofa. Na gargajiya ba shi da maɓalli ko hannu, da hannu ɗaya ake damƙe shi a ƙarƙashin haɓa, don haka mai jaka da yaro takan ga ya zame. Ta sayi mai roba a ka ko mai hannu, a rage masa tsawo daidai idon sawu, domin dogo yana maƙalewa a matakalar lantarki da tayar babur.