Amsa ga mai son karatun nazarin jinsi a Sudan

Assalamu alaikum, ƙanwata. Saƙonki ya same ni a nan Kasala, gabashin Sudan. Kin ce kina son yin digiri na biyu a fannin nazarin jinsi a Sudan, amma Baba ya ƙi amincewa domin ya ji ana cewa babu abin da ake koyarwa a ciki sai halasta luwaɗi da maɗigo.

Fargabar Baba tana da tushe, kada ki raina ta. A Amurka, inda aka buɗe sashen farko na nazarin al'amuran mata a San Diego a 1970, fannin ya faɗaɗa har ya haɗa da darussa kan masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi, kuma haka abin yake a jami'o'i da dama na Ingila. To amma a Sudan ba za ki tarar da sashen da aka buɗe domin wannan ba, kuma dokar ƙasar ma ba ta bar ƙofa ba: gyaran da aka yi wa dokar laifuka a watan Yuli na 2020 ya cire bulala da hukuncin kisa a kan luwaɗi, amma ɗauri yana nan daram.

Cibiyar wannan karatu a nan ita ce Jami'ar Mata ta Ahfad da ke Omdurman. Asalinta makarantar 'yan mata ce da Babikir Badri, wanda ya yi yaƙi a rundunar Mahadi, ya buɗe a garin Rufa'a a 1907, lokacin da jama'a ke ganin kai 'ya mace makaranta abin kunya ne. Ɗansa Yusuf Badri ya kafa kwalejin a 1966, ta zama cikakkiyar jami'a a 1995. Abin da suka fi mayar da hankali a kai shi ne lafiyar uwa da jariri, auren wuri, sana'ar matan karkara, shigar mata harkar mulki da zaman sulhu, da kuma yaƙi da kaciyar mata, wadda sai a 2020 doka ta mai da ita laifi mai ɗaurin da ya kai shekara 3. Ban ce za ki yarda da duk littafin da za a ba ki ba, domin akwai ra'ayoyin Turawa a ciki, kuma muhawara kan yarjejeniyar CEDAW, wato ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan kawar da wariya ga mata, tana zafi tsakanin malaman addini da masu fafutuka. Ni a ganina, gara a sami 'yarmu mai ilimin addini a irin wannan zauren da a bar wa wasu su yi magana da yawunmu. Ki nemi jerin darussan, ki zauna da Baba ku karanta tare.

Babban cikas dai shi ne yaƙi. Tun ranar 15 ga Afrilu, 2023 da faɗa ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, jami'o'in Khartoum da Omdurman suka watse, ciki har da Jami'ar Afirka da ɗaliban Najeriya suka fi sani, har sai da gwamnatin Najeriya ta kwashe su ta Masar da Port Sudan. Sojoji sun karɓe Khartoum a watan Maris na 2025, sai dai an lalata gine-gine, malamai da yawa sun yi hijira, wuta da ruwa da magani kuma duk da ƙyar ake samu. Ba zan ba ki shawarar tahowa yanzu ba.

Ki fara tuntuɓar Cibiyar Nazarin Jinsi ta Jami'ar Bayero da ke kusa da ku, ko kuwa, idan lallai waje kike so, Jami'ar Makerere ta Yuganda wadda ta buɗe sashenta tun 1991. Idan kuma wani dillali ya ce zai samo miki gurbi a Sudan ta intanet, kada ki biya ko sisi sai kin ga wasiƙa daga jami'ar kanta, kin kuma tabbatar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya za ta amince da takardar shaidar. Ki gaishe min da Baba da Umma.