Amsa: Kansar ƙwan mahaifa da daskarewar jini a zuciya

'Yar'uwa, kin tambaya ko kansar ƙwan mahaifar da Inna ke fama da ita ce ta jawo ƙullutun da aka gani a ƙofar zuciyarta (murfin da ke buɗewa da rufewa don jini ya wuce), alhali gwajin jini bai nuna ƙwayar cuta ba. E, tana iya jawowa. Wannan kansa tana sa jini saurin daskarewa, sai gudajin ya manne a ƙofar zuciya. In ya ɓalle ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Tun 1865 wani likitan Faransa, Trousseau, ya lura da alaƙar kansa da daskarewar jini. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa irin wannan gudajin. Allurar heparin, mai hana jini daskarewa, ake yi, tare da jinyar kansar kanta.

Na yi jinyar yayata a asibitin Shika, ni nake mata allurar a fatar ciki kullum. Don Allah kada ku tsayar da allurar Inna don kun ga sauƙi. Amma in Inna tana zubar jini, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi mata wuya, ku kai ta asibiti a ranar, kada ku jira gobe. Allah ya ba ta lafiya.