Gayyar Yankan Kacala: Amsa Ga Ɗan Ƙanena

Assalamu alaikum. Ɗana, saƙonka ya iso, kuma ka kyauta da ka tambaya kafin ka mayar wa maigari amsa. Ka ce an aiko cewa gidanku zai ba da mutum guda, ko kuɗin abincin masu aiki, ranar gayyar yankan kacala, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa tana toshe masa hanya, alhali fadamar da mahaifinku ya bar muku tana nesa da inda hanyar ruwan ta toshe. Kana son sanin ko wannan al'ada dole ce, da dalilin da ya sa sai sarkin ruwa zai sa rana, da abin da ya hana a cinna wa ciyawar wuta ko a yi mata feshi kowa ya huta.

Gayya tsohuwa ce, kakanninmu sun yi ta noma, sun yi ta ɗaurin jinga. Ta yankan kacala kuwa ba ta daɗe ba, domin kacalar ba ta daɗe da zama annoba ba. A da kogin Haɗeja cika yake yi da damina ya malale fadamu, da rani ya janye har a taka yashinsa da ƙafa. Kacala ba ta jure watanni na bushewa, shi ya sa sai ɗan ƙududdufin da ba ya ƙafewa ake ganinta. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Calawa a 1992, sai yanayin ruwan ya sauya. Babbar ambaliyar da ke wanke hanyoyi duk shekara ta ragu, sannan ana sako ruwa da rani saboda noman rani da ruwan shan Kano. Kogi ya koma bai cika ba, bai kuma ƙafe ba, ruwa marar zurfi yana kwance shekara zagaye. Wannan shi ne gadon da kacala ke so. Haka ya faru a kogin Senegal bayan an gina madatsar Diyama a 1986, irin ciyawar nan ce ta cinye musu gaɓa.

Da ta samu wuri, kanta take gina wa gida. Karanta na rage gudun ruwa, ruwan da ya rage gudu yana ajiye laka da yashi, hanya ta ƙara cikewa, wurin da jiya ya fi ƙarfinta yau ya zama daidai ita. Takin zamani da ke gangarowa daga gonakin shinkafa kuma abinci ne gare ta. Da haka rassan kogin irin na Kafin Hausa da Burum Gana suka riƙa toshewa, ruwan ya karkata ta reshen Marma ya nufi tafkin Nguru. Wasu gonakinsu suka nutse, wasu kuma wajen Gashuwa suka rasa ruwan da suka saba samu. To ka ga amsar tambayarka ta farko. Ruwan da aka tare a wuri guda ba ɓacewa yake yi ba, hanya yake nema, kuma ba ya tambayar gonar wa ce kusa. Tsuntsun jan bakin da ke kwana cikin kacala ma da safe ba gonar da ke bakin ruwa kaɗai yake sauka ba, yana tafiya mai nisa neman shinkafa da gero. Nisan fadamarku bai fitar da ku ba.

Yanzu maganar wuta. In ka samu dama ka tsinke ganyen kacala guda, ka karya shi, ka duba cikinsa. Za ka ga ba a cike yake ba, ƙananan ramuka ne jere kamar soso. Ta nan iska ke bi ta gangara zuwa saiwar da ke cikin laka, inda babu iska ko kaɗan. Saiwar nan mai kauri ce, fara, tana rarrafe ƙarƙashin taɓo tana fitar da sabon tsiro a gaɓa-gaɓa, kuma cikinta abincin ajiya yake. Ran kacala yana can, ganyen hanci ne kawai. Wuta saman ruwa take ci. Idan ta mutu sai ta bar kututture a tsaye bisa ruwa, bakinsa a buɗe, iska na shiga yadda ta saba. Ka share mata tsohon ganye, rana ta samu shiga, toka ta zama taki, bayan 'yan makonni ka ga tsiro kore shar ya fi na da kauri. Wutar takan yi amfani a wuri guda: inda ƙasa ta riga ta bushe, aka ƙone, sannan ruwa ya zo nan kusa ya rufe kututturen gaba ɗaya. Ban da haka ɓarnar ashana ce, ga hatsarin ta tsallaka zuwa tarin shinkafar mutane ko rugar makiyaya.

Feshi yana kashe ta, ba zan ɓoye maka ba. Amma ruwan nan shi ake sha, shi shanu ke sha, cikinsa masunta ke kamun kifi, kuma galibin magungunan da ake sayarwa a kasuwa don gonar tudu aka haɗa su, ba don a zuba cikin ruwa ba. Ko an yi sa'a ta mutu, matacciyar tana nan tsaye ta tare hanya, sai dai a shiga a cire ta da hannu. Ban yarda mutum guda ya ɗauki famfon feshi ya shiga ruwan jama'a bisa ra'ayin kansa ba.

Abin da ke kashe kacala shi ne nutsar da ita. Ana yanke ta ƙarƙashin ruwa, a bar aƙalla taƙi guda na ruwa bisa kututturen, wato kamar santimita 20 zuwa 30, in an samu fiye ya fi. Ruwa ya cika ramukan nan, iska ta yanke wa saiwar. Ba ta mutuwa nan take. Za ta ci daga ajiyarta ta turo sabon ganye don ya kai sama ya shaƙo mata iska, kuma a nan yawancin gayya ke lalacewa, domin mutane sun ga ruwa ya buɗe sun ɗauka an gama. Bayan mako uku zuwa huɗu sai an koma an sake yanke abin da ya leƙo, sannan a koma karo na uku. Kowane komawa aikinsa bai kai na baya ba, yanka na uku samari kaɗan cikin kwalekwale sun isa. Amma in aka tsallake na biyu, wahalar ranar farko ta tafi a banza. Haka kuma in aka bar tsibiri-tsibiri na kacala a tsaye cikin wurin da aka yanke, saiwarsu a haɗe take ta ƙasa, waɗanda aka bari su ke shaƙo wa waɗanda aka yanke iska. Wannan ya sa aikin ba ya yiwuwa kowa ya yi gefensa ranar da ya ga dama. Mutum ɗaya ya yanke gaban gonarsa, na maƙwabcinsa na tsaye, kafin wata biyu ta rarrafo ta rufe.

Sa rana kuwa ba don girma kawai aka bar wa sarkin ruwa ba. Shi da masuntansa ke kwana kan ruwan, sun san lokacin da yake hawa da lokacin da yake ja baya, sun san inda rami yake da inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Rana mai kyau ita ce wadda ruwa bai fi ƙarfin mai tsayawa ba, kuma ana sa ran zai tsaya haka ko ya ƙaru, kamar gab da zuwan ruwan damina. Idan aka yanke ruwa na janyewa, bayan kwana goma kututture ya fito fili, kamar ba a yi ba. Yana kuma duba ita kanta ciyawar. Lokacin da ta fara fitar da kai, wannan mai kama da zangarniyar gero, ta kashe yawancin ajiyarta wajen yin sa, saiwar ta yi rauni, yanka ya fi yi mata illa. In aka yi sake kan ya nuna ya bushe, taɓa shi kaɗan sai ya fashe kamar audugar rimi. Kai guda na ɗauke da iri fiye da dubu ɗari, iska ta kwashe shi, duk laka mai danshi da ya sauka a kai ya tsiro. Masu yanka a irin wannan lokaci shuka ta suke yi ba su sani ba. Ya kamata kuma maigari ya tuntuɓi ma'aikatan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ya ji ko za a rage sakin ruwa a makonnin, domin ruwan yanzu ba sama kaɗai ke ba da shi ba.

Ranar aiki daga ƙasa ake farawa, inda ruwa ke fita, a yi sama. In aka faro daga sama, ruwan da aka buɗe wa hanya zai zo ya tarar da toshiya ya fasa gaɓa. Sai dai a tuna, da zarar ƙasa ta buɗe ruwan sama zai ɗan sauka, don haka masu yanka su ƙara zurfafa hannu. Gara a buɗe hanya siririya wadda ta zarce daga farko har ƙarshe, ko da faɗin kwalekwale biyu ce, da a share fili mai faɗi a tsakiya alhali gaba da baya a toshe. Ruwa mai gudu da kansa yake kwashe laka ya taya ku aiki.

Masu lauje da adda suna gaba a jere, tsakanin kowane biyu a bar tazarar da hannu ba zai kai ga ɗan'uwa ba, domin ƙarƙashin ruwa ba ka ganin inda kaifin ya nufa. Bayansu masu tarawa, suna ɗaure dami suna ja da igiya ko su loda a jirgi. A gaɓa kuma dattawa da yara manya suna janyewa sama. Kada a raina wannan kashi na ƙarshe. Kacalar da aka bari cikin ruwa ko dai ta taru a wata kwana ta yi sabuwar toshiya, ko ta ruɓe ruwa ya yi wari kifi ya taso yana haki. Gutsuren saiwa kuma duk inda ya maƙale kamawa yake yi. A kai tarin can bayan inda ambaliya ke kaiwa, a shanya. Busasshiyar ana saƙa tabarma da ita, ana rufin ɗaki da shinge, ana zuba ta ramin taki, a Senegal da Muritaniya har gawayi suke yi da ita. Wadda ta riga ta yi kai dai a ware ta a ƙone nan take.

Abu guda da ba a cika faɗa ba, kuma yana damuna: ruwan kacala matattarar ƙananan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ce. Wanda ya yini a ciki tsirara ƙafa yana iya kamuwa. Dogon takalmin roba yana taimakawa inda ruwa bai kai gwiwa ba, yana kuma tare matsattsaku da kaifin kututture. Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan aiki ya je asibiti, maganinta sananne ne, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe. Ƙananan yara kuwa babu abin da ya kai su cikin ruwan. Kafin a shiga a bubbuga ciyawar da gora saboda macizai.

Kada ka ɗauka gayya za ta gama da kacala. Inda laka ta riga ta cike hanya har ta kai kamu biyu ko uku, lauje ba shi da abin yi, aikin injin haƙa mai shiga ruwa ne, wannan kuwa na gwamnati ne. Kuma muddin ba a riƙa barin kogi ya ƙafe na wani lokaci da rani ba, ciyawar za ta riƙa dawowa. Amma inji yakan zo ya tafi, hanyar da ya buɗe in babu masu bin ta da lauje duk shekara sai ta koma yadda take. Akwai kuma laifin da ke wuyanmu: dumba, wato shingen kama kifi da wasu masunta ke gitta wa hanyar ruwa, tana tare laka, manoma kuma kowa ya fasa gaɓa ya ja ruwa gonarsa ya bar ta a buɗe. Duk wurin da ruwa ya malala ya kwanta, kacala ce za ta gaje shi. Irin wannan magana a zaman da ake yi bayan an ci tuwon gayya ake yin ta, gaban maigari da sarkin ruwa da arɗo, kuma wanda gidansu bai fito ba ba ya da bakin magana a wurin.

Game da mutum ko kuɗi, al'ada ta yarda da duka biyu, wanda yake nesa ko marar lafiya yakan aiko da goro ko hatsi ko abin cefane, ba a kuma ganin laifinsa. Shawarata ka tura ƙanenka ranar farko, kuɗin kuma ka riƙe shi ka gaya wa maigari na yanka na biyu da na uku ne, domin su ne ba su da kiɗa ba su da taro, su ake rasa mai zuwa. Ka gaishe da mahaifiyarku da iyalinka.

Baffanka.